Kama da wane ba wane ba: Agogon attajirai a kan teburin talaka

Yau zancen agogo za mu yi, agogon hannu, wanda Bahaushe ke yi wa kirari da sarkin aiki. Na san wani zai ce wa ya damu da agogo a zamanin da kowa ke zaro waya daga aljihu ya duba lokaci. To, ai abin da ya ja hankalina ke nan. A daidai lokacin da agogo ya rasa aikinsa na asali, sai ga wata ɗabi'a ta yaɗu a ƙasashe da dama, inda mutanen da ba su taɓa zama gaban ƙwararre don koyon gyaran agogo ba suke sayo sassa ɗaya bayan ɗaya ta intanet, su zauna a kan teburin ɗakinsu su haɗa agogo mai inji, ya kuma tashi ya kama aiki. Akasarinsu siffar agogunan masu hannu da shuni suke kwaikwaya, irin waɗanda kuɗin guda ɗaya zai gina gida. Tambayar da nake so mu duba ita ce, mene ne sunan abin da suke yi? Koyon sana'a ne, ko kuwa jabu ne ya sauya riga?

Ɗaya daga cikin siffofin da aka fi kwaikwaya ita ce ta wani agogo mai suna Royal Oak, na kamfanin Audemars Piguet da ke ƙauyen Le Brassus a ƙasar Suwizalan. Labarinsa ya cancanci a ɗan tsaya a kai. A ƙarshen shekarar 1969 kamfanin Seiko na Japan ya kai kasuwa da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ɗan ƙanƙanen dutsen kwaz. Cikin 'yan shekaru irin wannan agogo ya yi araha, ya kuma fi mai inji kiyaye lokaci nesa ba kusa ba, har masana'antun Suwizalan da yawa suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Ana cikin shiga wannan guguwa ne, a shekarar 1972, Audemars Piguet ya nuna Royal Oak a bikin baje kolin agoguna na birnin Basel. Wanda ya zana shi, Gérald Genta, haifaffen Janiba, ya ce cikin dare ɗaya ya yi zanen, kuma hular ƙarfen masu nutso a ruwa ce ta faɗo masa a rai. Shi ya sa kewayen fuskar agogon ya zo da kusurwa takwas, da kusoshi takwas a fili ba a ɓoye su ba, sarƙar hannun kuma ta fito daga jikin agogon kamar tare aka haife su. Da ƙarfe marar tsatsa aka yi shi, amma aka sa masa farashin faran 3,300 na Suwizalan, kuɗin da ya haura na agogunan zinare da yawa a wancan lokaci. Mutane suka yi ta mamakin wannan ƙarfin hali. Bayan shekara huɗu, a 1976, Genta ya sake zana wa kamfanin Patek Philippe wani ɗan uwansa mai suna Nautilus, wanda ya ɗauko siffarsa daga tagar jirgin ruwa. A yau sabon Royal Oak na ƙarfe ya haura dala dubu 25, in ma an yarda an sayar maka, domin layi ake bi. A watan Disamban 2021 kuwa an yi gwanjon wani Nautilus mai fuska shuɗiya a birnin New York a kan kimanin dala miliyan shida da rabi.

Wannan shi ne abin da ido ke gani, aljihu ya kasa. Mai haɗa agogo a gida kuwa hanyarsa daban. Zuciyar aikinsa wani inji ne da ake kira NH35, wanda rukunin kamfanonin Seiko ke ƙerawa yana sayar wa duk mai so. Faɗinsa bai kai milimita 28 ba, ba ya buƙatar batir, motsin hannun mai ɗaure da shi ne ke juya wani rabin faifai mai nauyi a bayansa, shi kuma ya naɗe zaren ƙarfen da ke ajiye ƙarfi. In ya cika, agogon zai yi sa'a 41 yana tafiya ko da an ajiye shi. Yana da duwatsun yaƙutu na haɗi guda 24 a wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe, ɗan zoben da ke kai-da-komo a cikinsa kuma yana bugawa sau 21,600 a kowace sa'a, wato sau shida a daƙiƙa. Kuɗinsa bai kai dala 100 ba. Da yake injin ya wadata, sai masana'antu, musamman a ƙasar Sin, suka shiga ƙera gida da fuska da hannaye da sarƙa daidai da awonsa, a kowace siffa mutum yake so.

Ni ma na shiga sahu a daminar bara, kuma da gangan na zaɓi damina. Babban abokin gabar wannan aiki ƙura ce. Ƙwayar ƙura ɗaya da ido ba zai kula da ita a kan tebur ba, in ta maƙale a ƙarƙashin gilashi sai ta zama kamar tsakuwa, kullum ka duba lokaci ita za ka fara gani. Wanda ya san yadda hazon hunturu ke shiga ɗakin da aka rufe ƙofa da taga a ƙasar nan ya san dalilin da ya sa na jira ruwa ya sauka. Duka kayan, har da na aiki, ba su kai dala 200 ba: inji, gidan ƙarfe mai kusurwa takwas, fuska shuɗiya mai ƙananan murabba'ai, hannaye uku, hantsaki, ƙananan sukundireba, madubin ido ɗaya mai ƙara girman abu, da wani danƙo mai kama da cingam da ake ɗauke ƙura da shi.

Matakin farko mai sauƙi ne. Fuskar tana da 'yan ƙafafu a bayanta waɗanda ke shiga ramukansu a jikin inji. Inda ake gane mai haƙuri shi ne wajen sa hannaye. Kafin a sa su, sai an yi ta murza makunnin gefe a hankali har lambar kwanan wata ta sauya, domin nan ne injin ya san sha biyun dare ta yi. A daidai wannan gaɓa ake dasa gajeren hannu yana kallon sha biyu, a bi shi da dogon. In ba a yi haka ba, agogon zai riƙa sauya kwanan wata da hantsi ko da la'asar. Sannan dole kowane hannu ya kwanta daidai, kada ya taɓa fuska, kada ya taɓa ɗan uwansa, kada ya taɓa gilashi, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda biyu ko uku ba. Sai kuma sarkin wahala, hannun daƙiƙa. Ramin da ke ƙarƙashinsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, kuma shi ake so ya zauna a kan wani tsinke da ido ba ya gani sai da madubi. Mutum yana riƙe numfashi, domin hucin hanci kaɗai ya isa ya ture shi. In aka danna da ƙarfi tsinken ya lanƙwashe, inji ya tashi aiki. Na kai kusan sa'a guda a kan wannan ɗan abu, kuma a nan ne na fara kallon dattawan da ke gyaran agogo a bakin kasuwa da wani ido daban.

Akwai kuma siririn ƙarfen da ke haɗa makunnin gefe da inji. Da tsawo yake zuwa, mai haɗi ne zai auna ya yanke daidai da gidan da ya saya. In ya yi tsawo makunni ba zai rufe ba, ruwa da gumi su shiga. In ya gaza ko da rabin milimita ne, ya zama shara. Shi ya sa masu wannan harka ke yankewa kaɗan-kaɗan suna gogewa da magagari, suna gwadawa. Daga nan sai a shafa wa zoben robar murfin baya ɗan man silikon, a ɗaure. Lokacin da na girgiza agogon na ga hannun daƙiƙa ya fara zagaye, ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a kan wani abin da na saya a shago. Da na auna shi na mako biyu, sai na tarar yana gudu da daƙiƙa goma sha wani abu a yini. A cikin daƙiƙa 86,400 da ke yini guda, wannan ba abin kunya ba ne ga injin da babu batir a cikinsa.

To amma kama da wane ba wane ba. Wanda ya haɗa irin wannan agogo shi ne zai fi kowa sanin inda ya gaza na asali, kuma a ganina wannan ne ilimi mafi tsada da ake samu a cikin aikin. Royal Oak na 1972 kaurinsa milimita bakwai ne kacal, domin injin da ke cikinsa bai wuce milimita uku da ɗigo ba. NH35 shi kaɗai ya haura milimita biyar, saboda haka duk gidan da zai ɗauke shi sai ya yi tudu a hannu, ba ya shigewa ƙarƙashin hannun riga yadda na asali ke yi. Sannan ga gugar ƙarfe. A na asali, kowane gefe akwai inda aka goge ya yi layi-layi, akwai inda aka wanke ya yi sheƙi kamar madubi, iyakar da ke tsakaninsu kuma a miƙe take kamar an ja da reza, da hannu ake yin mafi yawan wannan. A nawa, in ka sa madubi za ka ga iyakar ta narke, wani gefen sarƙar ma yana cizon gashin hannu. Daga nesa su biyun 'yan uwa ne. Kusa da ido kuwa, ɗaya ɗinkin gwani ne, ɗaya na ɗan koyo. Ban ce wannan bambanci ya kai dala dubu 25 ba. Kaso mai yawa na wancan kuɗi na suna ne da ƙarancin kaya da son a gani. Amma da can ina zaton duka kuɗin na suna ne, yanzu na san akwai aiki a ciki.

Abu na biyu da ya kamata mai wannan sha'awa ya faɗa wa kansa gaskiya a kai shi ne bambancin haɗawa da ƙerawa. Ina yawan ganin masu cewa sun ƙera agogo, alhali ko kusa ɗaya ba su yanka ba. Wanda ya ƙera agogo shi ne irin George Daniels na Ingila, wanda ya rasu a 2011. Shi kan fara da falle da sandar ƙarfe, ya yanka haƙoran faya-fayai, ya yi gida, ya zana fuska, ya fiƙe hannaye, agogo ɗaya ya ci masa shekara guda ko fiye. Shi ne ya ƙirƙiro wata sabuwar dabarar sarrafa bugun inji da kamfanin Omega ya fara sa wa a agogunansa a 1999. Wani matashi mai suna Roger Smith ya karanta littafinsa, ya shafe shekara ɗaya da rabi yana ƙera agogon aljihu, ya kai masa. Daniels ya duba ya ce bai yi ba. Smith ya koma ya ƙara kimanin shekara biyar a kan na biyu kafin dattijon ya amince, daga baya ya ɗauke shi aiki a tsibirin Man. Tsakanin wannan da abin da na yi a yammaci biyu akwai tafiyar shekaru. Ni haɗawa na yi, kuma haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni.

Sai dai haɗawar ma ba abin raini ba ce, tarihin sana'ar kansa ya shaida. Masana'antar agogo ta Suwizalan a kan haɗi ta ginu. A tsaunukan Jura, manoma ne kan zauna a gida lokacin sanyi, wannan gida na yin faya-fayai, wancan na yin hannaye, wani ɗan kasuwa ya bi ya tattara ya ba mai haɗawa. Shi kansa Royal Oak na farko, injinsa daga kamfanin Jaeger-LeCoultre asalinsa yake, kuma irinsa ne aka sa a Nautilus na farko. Gidansa da fuskarsa da sarƙarsa duk wasu kamfanoni ne daban suka yi. Ko Rolex, da ake wa kallon mai yin komai da kansa, daga 1988 zuwa 2000 injin kamfanin Zenith ya riƙa gyarawa yana sa wa a samfurinsa na Daytona. Saboda haka wanda ya sayi inji daga Japan da gida daga Sin ya haɗa bai kauce wa al'adar sana'ar ba.

Inda ake kaucewa wuri ɗaya ne, kuma bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba: sunan da ke kan fuska. Masu sayar da sassan nan da yawa za su ba ka zaɓi, fuska marar rubutu, ko wadda aka buga wa suna da tambarin babban kamfani, wani lokaci har da rubutun da ke cewa a Suwizalan aka yi. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Ranar da ka zaɓi ta biyu, ka tashi daga ɗan koyo ka koma mai jabu, ko da ba ka yi niyyar sayarwa ba. Siffa aro ce, kuma duk mai sana'a da aro ya fara. Babu telan da bai kwaikwayi yankan wani ba, babu maginin da bai kalli ginin wani ba. Shi Genta ma ai hular mai nutso da tagar jirgi ya kalla. Suna kuwa shaida ne. Yana gaya wa mai kallo wanda ya yi abin, da wanda za a kama in ya lalace. In ka rubuta sunan wanda bai yi ba, ka yi shaidar zur da ƙarfe. Kuma agogo yakan fi mai shi tsawon rai. Kai ka san na wasa ne, amma wanda zai gada, ko wanda zai saya a hannun wanda ya gada, bai sani ba. Rubutun Suwizalan ɗin ma doka ce ke tsare da shi: tun 2017 sai aƙalla kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera agogo an kashe shi a can kafin a yarda a buga shi.

Wani zai ce ai su ma Turawan sun yi. Gaskiya ne, kuma abin dariya ne in ka duba. A ƙarni na 18, lokacin da agogon Landan ne sarki a duniya, an yi ta ƙera agoguna masu araha a nahiyar Turai, akasari a yankin Suwizalan, ana buga musu sunayen maƙeran Landan na ƙarya, 'yan kasuwar Holan na rarrabawa. Wato waɗanda ke kuka da jabu a yau, kakanninsu sun taɓa cin abinci da shi. Amma a lura da abin da ya biyo baya. Ba da sunan Landan Suwizalan ta zama abin da ta zama ba. Sai da maƙeranta suka fara sa sunayensu, suka tsaya a bayan aikinsu, sannan duniya ta san su. Japan ma ta bi wannan hanya: Seiko ya fara da kallon agogunan Turai da Amurka yana koyo, amma sunansa ya riƙa bugawa, har ranar da ya girgiza waɗanda ya koya a wurinsu.

A nan ya kamata in ja kunnen wanda zai ce to shi zai mayar da abin kasuwanci. Haɗa wa kanka ɗaya daban, buɗe shago daban. Ko babu suna, siffar ma tana iya jawo shari'a in ta yi kama da yawa. A 2014 wata kotun tarayya a New York ta ba Audemars Piguet gaskiya a kan wani kamfani da ke sayar da agoguna masu kusurwa takwas da kusoshi a fili, duk da cewa sunansa ya buga a kansu. A ɗaya gefen kuma, a 2019 Casio ya fito da wani G-Shock mai kusurwa takwas, GA-2100, wanda masu saye da kansu suka laƙaba wa sunan da ke tuna Royal Oak, ya kuma yi kasuwa ƙwarai, domin kowa ya kalle shi ya san Casio ne, da robarsa da batirinsa da halinsa. Wanda zai yi kasuwa da aron siffa, dole ya ƙara nasa a kai har abin ya zama nasa.

Abin da ya sa na ga zancen ya shafe mu shi ne, hannun da wannan aiki ke buƙata muna da shi. Duk wanda ya tsaya ya kalli yaran da ke gyaran waya a kasuwanninmu, suna ɗaga abin da bai kai ƙwayar gero ba da hantsaki suna liƙawa a ƙarƙashin madubi, ya san sa hannun daƙiƙa ba zai gagare su ba. Ga kuma dattawan gyaran agogo da sana'arsu ta koma sauya batir da rage sarƙa, alhali a kansu akwai ilimin warware inji gaba ɗaya a wanke a mayar, ilimin da ke tafiya kabari da su ɗaya bayan ɗaya. Ga dukawanmu da fatar da ta yi suna tun zamanin fataken Sahara, wadda za ta yi maɗaurin agogo na gani na faɗa. A gefe guda kuma tirelolin 'yan talla cike suke da agoguna masu manyan sunaye a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, mai saye ya san ƙarya ce, mai kallo ya san ƙarya ce, kowa na yi wa kowa kara. Da za a samu matashi ya haɗa agogo mai inji na gaske, ya sa masa maɗaurin fatar gida, ya buga sunansa ko na garinsu a fuska, ya ce in ya tsaya a dawo masa da shi, ni dai nasa zan saya kafin wancan.

Nawa agogon babu rubutu a fuskarsa ko ɗaya. Mutum biyu sun tambaye ni ko na wane kamfani ne, na ce haɗin gida ne, injin Japan, gidan Sin, siffar wani Basuwize da ya rasu a 2011. Ɗaya ya yi dariya ya wuce, ɗayan ya ja kujera ya ce in nuna masa yadda ake yi.

Ga wanda ke son gwadawa, ya tabbatar gida da fuska da hannayen da zai saya duk an rubuta na NH35 ne, ya kuma duba ko ƙafafun fuskar sun dace da inda makunni yake a jikin gidan, domin wani a saitin ƙarfe uku yake, wani kusa da ƙarfe huɗu. Ya sayi sandar makunni biyu da hannun daƙiƙa biyu. Kada ya sauya kwanan wata da makunni daga ƙarfe tara na dare har gari ya waye, lokacin haƙoran da ke juya kwanan suna a sarƙe. Kada kuma ya shiga wanka da shi, komai aka rubuta a bayan murfin, sai an gwada shi a na'urar auna matsin ruwa.